Marseille: yadda kulob ya ɗauki kofin Turai, ya kuma faɗa rukuni na biyu cikin shekara guda

A saman tambarin rigar Olympique de Marseille akwai tauraro guda mai launin zinare. Na daren 26 ga Mayun 1993 ne, daren da kulob ɗin ya doke AC Milan da ci ɗaya mai ban haushi a birnin Munich, ya zama na farko daga Faransa da ya ɗaga kofin Zakarun Turai. Amma wanda ya buɗe jerin zakarun gasar cikin gida ta Faransa zai tarar da gurbin kakar 1992/93 babu sunan kowa. Marseille ce ta ƙare a saman teburi a waccan kakar, aka ƙwace kambun, ba a kuma ba wa kowa ba. Tazarar da ke tsakanin wasan da ya jawo tauraron da wasan da ya jawo ƙwacen kwana shida ce kacal. Duk mai son fahimtar wannan kulob, sai ya fahimci waɗannan kwanaki shida da abin da ya haife su.

An kafa kulob ɗin a 1899, ƙarƙashin jagorancin René Dufaure de Montmirail, kuma da farko ƙwallon zari-ruga ce ta fi ƙarfi a cikinsa. Daga can aka gaji takensa, "Droit au but", wato kai tsaye zuwa raga. Kofin Faransa shi ne abin da aka fara saninsa da shi: ya ɗauka a 1924, 1926 da 1927, tun kafin a fara ƙwallon albashi a ƙasar a 1932. Kambun gasa na farko ya zo a 1937, shekarar da aka buɗe filin wasansa na Vélodrome, na biyu a 1948. Jimilla yau yana da kambun gasa 9 da Kofin Faransa 10. Da ba a ƙwace na 1993 ba, da ya yi kunnen doki da Saint-Étienne mai 10.

Marseille gari ne na bakin teku, mashigar jiragen ruwa, inda Italiyawa, Armeniyawa, mutanen Aljeriya, Komoros da Senegal suka zauna shekara da shekaru. Mutanen garin na ganin Paris na yi musu kallon hadarin kaji, kuma kulob ɗin ne wurin da suke mayar da martani. Wannan ne ya sa matsin da ke kan shugaba da koci a can ya fi na ko'ina a Faransa, ya kuma sa garin ke miƙa wuya ga duk mutumin da ya zo da alkawarin kofi cikin gaggawa.

Na farkon irin waɗannan mutane shi ne Marcel Leclerc. Ya karɓi kulob ɗin a 1965 yana rukuni na biyu, a shekarar da aka taɓa buga wasa da Forbach a Vélodrome gaban 'yan kallo 434. Cikin shekara bakwai ya mayar da shi rukuni na ɗaya, ya ci Kofin Faransa a 1969, kambun gasa a 1971, ya haɗa biyun a 1972. A kakar 1970/71 ne Josip Skoblar ya zura ƙwallo 44 a gasa, adadin da har yau ba wanda ya kamo a Faransa, Roger Magnusson ɗan Suwidin yana yanko masa ƙwallo daga gefe. A 1972 ɗin dai aka tsige Leclerc bisa zargin da ya shafi kuɗin kulob. A 1980 an sake faɗawa rukuni na biyu, asusu ya bushe, sai yaran makarantar kulob, waɗanda ake kira "Minots", suka tallafe shi har ya dawo a 1984. Hawa da sauri a hannun mutum ɗaya, rigimar kuɗi, faɗuwa. A riƙe wannan jeri, domin zai dawo.

Zuwan Tapie

Bernard Tapie ya karɓi Marseille a 1986, da goyon bayan magajin garin na lokacin, Gaston Defferre. Ɗan kasuwa ne da ya yi suna wajen sayen kamfanonin da suka durƙushe a kan kuɗi kaɗan, ya gyara ya sayar. A 1990 ya sayi Adidas, a 1992 ya zama minista. Hanyarsa a ƙwallo ba ta da sarƙaƙiya: ya sayi fitattun 'yan wasan abokan hamayya na cikin gida, ya ƙarfafa kansa ya kuma raunana su a lokaci guda, ya biya albashin da ba wanda zai iya biya, ya kori koci da zarar ransa ya ɓaci. Ko Franz Beckenbauer, wanda ya zo a 1990 yana ɗauke da Kofin Duniya, watanni kaɗan ya yi a kan kujerar koci kafin a damƙa ta ga Raymond Goethals, tsohon koci ɗan Beljiyam.

Jean-Pierre Papin ya zo daga Club Brugge a 1986, ya zama sarkin zura ƙwallo na Faransa sau biyar a jere, ya ɗauki Ballon d'Or a 1991. Chris Waddle ya zo daga Tottenham a 1989 kan fam miliyan 4.5, kuɗin da a wancan lokaci ya girgiza kasuwa. Ga Enzo Francescoli, ga Basile Boli, ga Abedi Pelé ɗan Gana wanda ya fara yin suna a Real Tamale United, ya kuma zama gwarzon Afirka a 1991, 1992 da 1993. Kambun gasa huɗu suka zo a jere daga 1989 zuwa 1992.

Amma idon Tapie na kan Turai, kuma sau biyu ta leƙo ta koma. A 1990, a wasan dab da na ƙarshe, Marseille ta ci Benfica 2-1 a gida, sai a Lisbon ɗan wasan Benfica, Vata, ya tura ƙwallo raga da hannu saura 'yan mintuna a tashi, alƙalin wasa bai gani ba, Benfica ta wuce da ƙwallon waje. A 1991 Marseille ta fitar da Milan mai riƙe da kofi: 1-1 a San Siro, sannan Waddle ya ci a Vélodrome, wasu fitilun filin suka mutu dab da tashi, 'yan Milan suka ƙi komawa fili, UEFA ta ba Marseille 3-0 ta kuma dakatar da Milan shekara guda. A wasan ƙarshe a Bari, Red Star Belgrade ta tsugunna a baya tana tsaro minti 120, aka tashi ba ci, ta yi nasara 5-3 a bugun fenareti bayan Manuel Amoros ya ɓarar da nasa. Hoton Boli yana kuka a wannan dare ya zaga Faransa.

Munich

Ƙungiyar 1993 ba ta kai ta 1991 ƙayatarwa ba. Papin ya koma Milan, Waddle ya koma Ingila. Abin da Goethals ya gina ya fi tauri: Fabien Barthez mai shekara 21 a raga, Boli da Marcel Desailly a tsakiyar baya, Jocelyn Angloma da Éric Di Meco, Didier Deschamps kyaftin da Franck Sauzée a tsakiya. Doka a lokacin ba ta yarda a saka baƙi fiye da uku ba, sai ya zuba ukun duka a gaba: Abedi, Rudi Völler da Alen Bokšić. Tsarin gasar ma daban yake da na yanzu. Bayan zagaye biyu na sili-ɗaya-ƙwale, ƙungiyoyi takwas suka kasu rukuni biyu, wanda ya zo na ɗaya a kowane rukuni ya wuce wasan ƙarshe kai tsaye. Marseille ta ƙare da maki 9, Rangers da 8, bayan sun yi canjaras sau biyu, kuma ƙwallon Bokšić a gidan Club Brugge a wasan ƙarshe na rukuni ce ta raba gardama.

Milan ta Fabio Capello ta zo Munich ta ci wasanninta goma duka a gasar. A rabin sa'a na farko ta yi ta kai hari, Daniele Massaro ya ɓarar, Barthez ya tare wa Marco van Basten. Dab da hutun rabin lokaci Abedi ya ja ƙwallo ta gefen dama ya samo kwana. Shi ya buga ta da ƙafar hagu, ta lanƙwaso zuwa bakin raga, Boli ya tashi sama ya riga Frank Rijkaard, ya goga mata kai ta nufi ɗaya kusurwar inda Sebastiano Rossi ba zai kai ba. Wanda aka haifa a Gana ya bugo, wanda aka haifa a Abidjan ya ci, Desailly haifaffen Accra ya tsare baya. Bayan hutu Papin ya shigo wa Milan yana fuskantar tsoffin abokansa, bai canja komai ba. Wannan ne wasan ƙarshe da Van Basten ya buga a rayuwarsa.

Wanda ya kalli wannan wasa ya san ba kyauta aka ba Marseille ba. Ta doke ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a duniya a lokacin, a fili, gaban kowa. Shi ya sa abin da ya faru kwana shida kafin nan ya fi ciwo.

Valenciennes

Ranar 20 ga Mayu Marseille na da wasan gasa a gidan Valenciennes, ƙaramar ƙungiya da ke fafutukar kada ta faɗi. Buƙatar shugabannin Marseille iri biyu ce: su sami maki biyun nasara (a lokacin maki biyu ake bayarwa, ba uku ba) domin su kusanci kambu, kuma kada wani ɗan wasa ya ji rauni ana saura kwana shida a haɗu da Milan. Ƙungiyar da ke gudun faɗuwa kuwa ba ta tausayin ƙafar kowa.

A jajibirin wasan, ɗan wasan tsakiyar Marseille Jean-Jacques Eydelie ya kira 'yan Valenciennes uku a waya: Jacques Glassmann, Christophe Robert da Jorge Burruchaga, wanda ya ci wa Ajantina ƙwallon nasara a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 1986. An zaɓi Eydelie ne don ya san su tun zamansu a wasu ƙungiyoyi. Babban daraktan kulob, Jean-Pierre Bernès, yana tare da shi. Tayin shi ne su sassauta ƙafa, a ba su kuɗi. An miƙa ambulan mai faran 250,000 a daren. Glassmann ya ƙi, ya kuma sanar da kocinsa Boro Primorac. Washegari Marseille ta ci 1-0 ta ƙafar Bokšić, Robert ya fita tun da wuri yana cewa ya ji rauni, shugabannin Valenciennes kuma suka shigar da ƙorafi gun alƙalin wasa a ranar.

Da farko kusan ba wanda ya saurara. Marseille ta tafi Munich ta ɗauko kofi, ta dawo ta lallasa Paris Saint-Germain 3-1 ranar 29 ga Mayu ta tabbatar da kambu na biyar a jere. Abin da ya sauya lamarin shi ne hukumar gasar ta kai maganar gaban mai gabatar da ƙara na Valenciennes, Éric de Montgolfier. Daga nan ta tashi daga hannun 'yan ƙwallo ta koma hannun 'yan sanda masu ikon tsare mutum da bincike gida. A watan Yuni Robert ya amsa laifi, aka tono kuɗin a lambun gidan wata 'yar'uwarsa inda aka binne su. Eydelie ya amsa bayan an tsare shi. Primorac ya ce an kai shi ofishin Tapie a Paris an nemi ya ɗauki laifin a kansa. Wani ɗan siyasa, Jacques Mellick, ya ba da shaidar cewa yana tare da Tapie a wannan lokaci, daga baya shaidar ta rushe. A gaban kotu a Maris ɗin 1995 Bernès ya ce umarni daga Tapie ya fito. An yanke wa Tapie ɗauri, kotun ɗaukaka ƙara ta tsayar da shi a kan wata takwas na zaman kaso, ya shiga kurkuku a 1997.

Tambayar da aka fi yi ita ce, me ya sa aka ƙwace kambun Faransa amma aka bar kofin Turai? Amsar tana cikin hurumin hukunci. Wasan da aka saya na gasar Faransa ne, don haka hukumar ƙwallon Faransa ce ke da ikon soke sakamakonsa da kambun da ya biyo baya. UEFA ba ta da hujja a kan wani wasa na gasarta. An yi ta zarge-zarge a kan wasu wasanni a shekarun da suka biyo baya, amma wasa ɗaya ne kotu ta tabbatar. Abin da UEFA ta iya shi ne hana Marseille shiga gasar 1993/94, ta sa Monaco a gurbinta, aka kuma hana ta buga Super Cup da kofin nahiyoyi na Tokyo, Milan ta je a madadinta. PSG da ta zo ta biyu ba ta karɓi kambun da aka ƙwace ba, shi ya sa gurbin ya zauna fayau.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Hukuncin da ya karya kulob ɗin na aljihu ne. Kasafin Tapie an gina shi ne a kan tsammanin kuɗin Turai duk shekara: kuɗin talabijin, na tikiti, na masu talla. Albashi kuwa yana nan daram, kwantiragi ba ta san an hana ka gasa ba. Da kuɗin shiga suka yanke, sai sayar da 'yan wasa cikin gaggawa, kuma mai saye ya san kana cikin matsi. Abedi ya riga ya tafi Lyon, Sauzée Atalanta, sai Bokšić ya tafi Lazio, Desailly ya koma Milan ɗin da suka doke, inda ya sake ɗaga kofin a 1994 har da cin ƙwallo a wasan ƙarshe. Duk da haka ragowar ƙungiyar ta ƙare ta biyu a kakar 1993/94, sai hukumar ƙwallo ta jefa ta rukuni na biyu a matsayin hukunci. Deschamps ya tafi Juventus, Boli Rangers. A 1994/95 Marseille ta zo ta ɗaya a rukuni na biyu, Tony Cascarino na zura ƙwallo ba ƙaƙƙautawa, amma aka hana ta hawa saboda kamfanin kulob ɗin ya karye. A Faransa akwai hukumar DNCG da ke duba littattafan kuɗin kowane kulob kafin kaka, tana da ikon ƙayyade albashi, hana sayen 'yan wasa, ko saukar da kulob ko da ya ci wasanninsa. Sai a 1996 Marseille ta dawo.

Glassmann, mutumin da ya faɗi gaskiya, ya sha ihu a filaye da dama a Faransa, ana kiransa maci amana, har ya koma buga ƙwallo a tsibirin Réunion. FIFA ta ba shi lambar yabo ta ɗa'a a 1995. Irin riƙon da aka yi masa a gida abin kunya ne ga ƙwallon ƙasar baki ɗaya. Valenciennes kuma ta faɗi rukuni na biyu a ƙarshen kakar 1992/93.

Bayan guguwa

Robert Louis-Dreyfus, shugaban Adidas na lokacin, ya karɓi kulob ɗin a ƙarshen 1996, ya yi ta zuba dukiyarsa har ya rasu a 2009 bai ga babban kofi ko ɗaya ba. An kusa sau da yawa. Bordeaux ta ƙwace kambu a ranar ƙarshe a 1999, Parma ta ci 3-0 a wasan ƙarshe na Kofin UEFA a shekarar, Valencia ta ci 2-0 a na 2004 bayan an ba Barthez jan kati. A waccan kaka guda ce Didier Drogba ya yi tashe a Vélodrome kafin a sayar da shi ga Chelsea, shi kansa ba ya son tafiya.

Lokacin da aka fi samun natsuwa shi ne na Pape Diouf, ɗan Senegal da aka haifa a Abece ta ƙasar Chadi, tsohon ɗan jarida kuma wakilin 'yan wasa, wanda ya shugabanci kulob ɗin daga 2005 zuwa 2009, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan kujera a babban kulob na Turai. Bai yi barin kuɗi ba. Ya daidaita asusu, ya riƙa sayen 'yan wasa kafin farashinsu ya tashi, irin su Mamadou Niang, Mathieu Valbuena da Steve Mandanda, kulob ɗin ya riƙa zuwa gasar Zakarun Turai a kai a kai. Shi ne kuma ya ɗauko Deschamps a matsayin koci kafin a sauke shi. Girbin ya zo bayan tafiyarsa: kambun gasa na 2010, Niang na kan gaba da ƙwallo 18, da kofin Coupe de la Ligue sau uku a jere, 2010 zuwa 2012. A wasan ƙarshe na 2011 da Montpellier, Taye Taiwo, wanda ya zo daga Lobi Stars ta Makurɗi a 2005, shi ya ci ƙwallo ɗayan da ta kawo kofi. André Ayew, ɗan Abedi, yana cikin wannan ƙungiya.

A 2011 kamfanin zuba jari na Katar ya sayi PSG, ma'aunin kuɗi a Faransa ya karkace gaba ɗaya. Dabarar Tapie ta fin kowa kuɗi yanzu tana hannun Paris. Ba'amurke Frank McCourt ya sayi Marseille a 2016, kulob ɗin ya kai wasan ƙarshe na Europa a 2018 ya sha kashi 3-0 a hannun Atlético Madrid, ya zo na biyu a gasa a 2020, 2022 da 2025. Daga 2012 zuwa ƙarshen kakar 2024/25 bai ƙara ɗaga kofi ba.

Babban abin da ke hana ruwa gudu shi ne rashin haƙuri da gini. Marcelo Bielsa ya ajiye aiki bayan wasan farko na kakar 2015/16. André Villas-Boas ya tafi a 2021 saboda an sayo masa ɗan wasan da ya ce ba ya so, kwanaki kaɗan bayan magoya baya sun kutsa filin atisaye na La Commanderie. A 2023 Marcelino ya yi murabus bayan wata zazzafar ganawa tsakanin shugabanni da ƙungiyoyin magoya baya, kafin kakar ta ƙare an ga Gennaro Gattuso da Jean-Louis Gasset a kan kujerar. Kowane sabon koci na zuwa da salonsa, a sayar da 'yan wasan wanda ya gabata a kan asara, a sayo wasu. Makarantar kulob ɗin ma ba ta ciyar da babbar ƙungiya yadda ta Lyon ke yi, alhali unguwannin garin cike suke da yara masu ƙafa. Zinédine Zidane a unguwar La Castellane ya tashi, yana ƙaunar Marseille tun yana yaro, amma Cannes ce ta ɗauke shi, bai taɓa saka farar rigar ba.

Ƙungiyoyin magoya bayan nan, irin su Commando Ultra da aka kafa a 1984 da South Winners ta 1987, sun sami ƙarfinsu ne tun zamanin Tapie, wanda ya bar musu sayar da tikitin shekara na ɓangarori biyu na bayan raga. Hakan ya ba su kuɗi da murya na tsawon shekaru. Su ne dai kuma ke cika Vélodrome mai ɗaukar mutum sama da 67,000, inda a 'yan shekarun nan matsakaicin 'yan kallo ke haura 60,000 ko a kakar da ba a tsinana komai ba. Da Tapie ya rasu a Oktoban 2021, cikin wannan fili aka shigo da akwatin gawarsa, dubban mutane suka tsaya suna rera masa waƙa.

Shekara 32 Marseille ta yi ita kaɗai ce ƙungiyar Faransa mai kofin Zakarun Turai. Ranar 31 ga Mayun 2025 PSG ta doke Inter Milan 5-0 ta ɗauki nata, a birnin Munich, a kan ƙungiya daga birnin Milan. A Vélodrome har yanzu ana ɗaga ƙyallen da aka rubuta "À jamais les premiers", wato na farko har abada.